Tambaya da Amsa: Tsohuwar Sikutar Wasa Daga Cikin Kayan Gwanjo

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A watan jiya na je wajen masu sayar da kekunan gwanjo domin in saya wa ɗana mai shekara tara keke, sai idona ya faɗa kan wani abu da aka jingine a gefe, wanda ba shi da sirdi, ba shi da feda, ba shi da sarƙa, sai faranti na tsayawa da ƙafafu biyu ƙanana masu tayoyin iska. Kansa irin na keken BMX ne, wato ƙaramin keken tsere da wasan tsalle, yana da birki gaba da baya, kuma a jikinsa akwai haruffan GT da ragowar wata sitika da ake iya karanta Zoot Scoot a kanta. Fentinsa shuɗi ne amma ya koɗe, kan ya yi tsatsa, ƙafafun roba ne fari da ya koma ruwan ɗorawa, tayoyin kuma sun tsattsage. Na saye shi da arha. Mai gyaran keke na unguwarmu ya ce in bar masa shi kwana uku, zai kankare shi da sanfefa a fesa masa sabon fenti, ya sa masa ƙafafun keken yara, ya kuma cire wani zobe mai wayoyi huɗu da ke ƙarƙashin kan, wanda ya ce tarkace ne kawai. Ƙanena kuwa ya duba a waya ya ce kada in yarda, domin abin tarihi ne. Wanne zan bi, kuma yaya zan gyara shi har yaron ya hau? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, a wannan karon ƙanenka ne yake da gaskiya, kuma idan sikutar tana hannun mai gyaran yanzu haka, ina ba ka shawara ka je ka karɓo ta kafin ka ƙarasa karanta wannan shafi. Ba laifin mai gyaran nake gani ba, domin shi ya saba da keken da ake so ya yi ƙyalli a kai kasuwa, kuma a wannan fage abin da ya faɗa daidai ne. Amma abin da ke hannunka darajarsa tana cikin abubuwan nan uku da yake shirin rabawa da shi, wato fentinsa na asali da sitikarsa, da ƙafafunsa, da zoben nan. Idan aka cire su, abin da zai rage ƙarfe ne mai tayoyi biyu wanda kowane mai walda zai iya haɗa kamarsa, ka ga an yi gyaran gangar auzinawa ke nan.

Domin ka san abin da ka saya, sai mu koma kudancin jihar Kalifoniya a Amurka, inda tun farkon shekarun 1970 yara suka riƙa tseren kekuna a kan turɓaya suna kwaikwayon masu tseren babura, abin da ya zama wasan BMX. Daga cikin iyayen yaran akwai wani mai walda mai suna Gary Turner, wanda ya fara ƙera wa ɗansa gangar keke mai jure duka, sannan ya haɗa gwiwa da wani mai shagon kekuna, Richard Long, a 1979 suka kafa kamfanin da ya ɗauki haruffan farko na sunan Turner, wato GT. Da shekarun 1980 suka shigo, sai wani reshe ya tsiro daga tseren, inda burin mahayi ya koma nuna gwaninta: ya tsaya a kan ƙafar gaba, ya juya kan keke zagaye cikakke, ya tashi sama a kan gangaren katako. Wani gwanin wasan mai suna Bob Haro ya fitar da gangar keke ta farko da aka yi musamman domin wannan wasa a 1982, kuma cikin 'yan shekaru kasuwar ta cika da kekuna masu launin ruwan hoda da kore shar da shuɗi mai haske. A 1987, lokacin da abin ya kai ƙololuwa, kamfanonin BMX da dama suka fito da sikutoci masu kayan keken wasa a jikinsu. GT ya kira tasa Zoot Scoot, kamfanin Mongoose kuma yana da Miniscoot. Yayin bai daɗe ba, kamfanonin suka daina ƙera su, yaran da aka saya wa kuma suka ragargaza mafi yawansu a kan kwalta, shi ya sa a yau samun wadda ta tsira da kayanta na asali yake da wuya, kuma masu neman ta su ne yaran wancan zamani da yanzu suka haura shekara hamsin. Idan ka ga alamar Taiwan a ƙasanta kada ka ɗauka jabu ce, domin a ƙarshen shekarun nan kamfanonin kekunan Amurka da yawa can suke ba da aikin ƙira.

Kafin ka ɗora sifana a kan ko da noti ɗaya, ka ɗauki hotonta ta kowace fuska da wayarka, har da ƙasan farantin, da lambar da aka buga a jikin ƙarfen, da yadda kowace wayar birki ta bi. Bayan kwana goma, lokacin da kayan suke zube a cikin kwano, babu wanda zai tuna wace wosha ce take sama. Sai ka wanke ta da ruwa mai ɗumi da sabulun wanke kwanuka da tsumma mai laushi, ka kewaye sitikar a hankali ba tare da gogawa ba, kuma kada fetur ko tina su kusance ta, domin suna narkar da manne, suna kashe fenti, suna kuma ɓata roba. Yawancin abin da ido yake gani a matsayin koɗewa dauɗa ce ta shekaru da wata ƙura da fentin kansa yake fitarwa a samansa. Ka samu man goge mota mara kaushi, ka gwada a ƙasan gangar inda ba a gani, za ka iya mamakin shuɗin da zai fito. Wuraren da fentin ya ɓantare har ƙarfe ya bayyana, ka tsabtace tsatsar wurin kaɗai, ka shafa ɗan kakin mota ya rufe shi daga danshi, ka bar tabon yadda yake.

Na san wannan magana tana yi wa mutanenmu nauyi, domin a wurinmu abin da aka gyara shi ne wanda ya koma sabo fil. Ni kaina sai da na yi asara na gane. Mahaifina ya bar mini keken Rali baƙi, mai tambarin zalɓe a goshinsa da siraran layuka ruwan zinare a jikin gangar, na kai shi wajen wani mai fenti da niyyar in girmama shi. Da na koma ɗauka na tarar an ɓamɓare tambarin an yar, layukan sun tafi da sanfefa, an fesa baƙin fenti har kan notuna da bakin robar birki. Yana ƙyalli ƙwarai, amma na duba shi sama da ƙasa ban ga keken mahaifina a ciki ba. A kasuwar masu tara irin waɗannan kaya ma haka lissafin yake: wadda take da fentinta na masana'anta, ko da tabo, ta fi wadda aka sake wa fenti daraja, domin fenti kowa zai iya sake fesawa gobe, na asali kuwa sau ɗaya ake kankare shi. Sabon fenti yana da hujja ne kawai idan tsatsa ta cinye jikin gaba ɗaya, ko kuma wani ya riga ka ɓata na farkon.

Tsatsar kan kuwa tana da magani mai sauƙi, saboda shi kan, ƙarfe ne da aka lulluɓe da kurom, wato farin rufin nan mai ƙyalli, kuma jan da kake gani yawanci yana fitowa ne ta ƙananan ramuka ya bazu a sama, kurom ɗin yana nan a ƙarƙashi. Ka yagi takardar aluminiyam irin wadda ake naɗe gasasshen nama da ita, ka dunƙule, ka tsoma a ruwa, ka riƙa gogawa. Takardar ta fi kurom laushi, don haka za ta ɗauke tsatsar ba tare da ta karce shi ba, saɓanin sanfefa ko soson ƙarfe da suke barin zane na har abada. Idan tsatsar ta yi kauri, masu wannan aiki a ƙasashen waje suna jiƙa ƙarfen cikin ruwan da aka narka sinadarin okzalik kaɗan a ciki, kamar babban cokali ɗaya a lita huɗu, na tsawon wuni ko kwana, suna dubawa lokaci zuwa lokaci. Wanda bai samu wannan ba, ruwan khal ko ruwan lemun tsami yana yin aikin, sai dai a hankali. Sharuɗɗan su ne a sa safar hannu, a yi a sarari nesa da yara, kuma kada a jefa wani abu na aluminiyam a ciki, kamar hannun birki ko maƙallin kai, domin zai dushe. Mayen ƙarfe zai raba maka gardama, duk abin da bai kama ba ka ajiye shi gefe. Bayan ka tsame, ka ɗauraye da ruwan da aka jiƙa 'yar kanwa domin ta kashe sauran tsamin, ka sake ɗaurayewa da ruwa zalla, ka shanya a rana har cikin bututun ya bushe, sannan ka zuba ɗan mai a ciki ka jujjuya. Wanda ya tsallake wannan mataki na ƙarshe zai ga tsatsa ta dawo kafin mako ya zagayo.

Yanzu sai zoben da aka kira tarkace. Yadda ka kwatanta shi, wannan ita ce na'urar da kamfanin Odyssey ya fitar a 1986 da sunan Gyro, wadda wani mai suna Brian Scura ya ƙirƙira, ko kuma wata irinta, kuma ita ce shaidar cewa an yi sikutar domin wasan gwaninta. Matsalar da ta zo ta warware ita ce, idan mahayi ya juya kai zagaye cikakke, wayar birkin baya tana naɗewa a wuyan keke ta shaƙe shi. Sai aka raba wayar gida biyu. Ta sama tana fitowa daga hannun birki ta rabu biyu, ta kama faifan sama na zoben ta dama da hagu. Faifan ƙasa kuma yana riƙe da wasu wayoyi biyu da suke haɗewa su tafi birkin baya. Tsakanin faifan biyu akwai boris, ta yadda na sama yana juyawa da kai, na ƙasa yana tsaye da ganga, amma idan aka matsa birki dukansu suna ɗagawa tare. Wayoyi huɗun da ka ƙirga ke nan. Birkin gaba shi ma yana da tasa dabarar, domin a irin waɗannan kekuna wayarsa tana bi ta cikin kusar da ta ɗaure kai, wadda aka huda tsakiyarta, ta fito ta ƙasan fok. Gyaran zoben bai wuce wankewa da kananzir da sa masa ɗan mai ba, amma saitinsa yana son haƙuri: dole ne wayoyin dama da hagu su ja daidai wa daida, in ba haka ba za ka ga faifan yana rawa sama da ƙasa idan ka juya kai, birkin kuma ya yi laushi. Akwai ƙananan notuna na saiti a bakin kowace waya, ka riƙa juya su rabi-rabi kana gwadawa har faifan ya kwanta sumul. Idan wayoyin sun tsinke, har yau ana ƙera irinsu domin kekunan BMX, sai dai ka auna tsawon ta ƙasa, saboda tafiyarta a jikin sikuta ba ɗaya take da ta keke ba.

Wajen kwance kai ne aka fi yin ɓarna. Bayan shekaru kusan arba'in, wuyan da ya shiga cikin fok yakan manne, kuma mai gaggawa zai ɗauko guduma. Ka sassauta kusar sama kamar zagaye uku ko huɗu, ka ɗiga man kwance tsatsa ka bar shi ya kwana, sannan ka ɗora guntun katako a kan kusar ka buga sau ɗaya ko biyu domin ƙarfen da ya cije a ƙasa ya saki. Ka tuna kusar rami gare ta, ba ta da ƙarfin ta keken gida, kuma idan ta lanƙwashe ba za ka same ta a rumfar unguwa ba. Haka nan ma'aunin kayan BMX na wancan zamani ya sha bamban da na sauran kekuna: wuyan kai milimita 21.1 ne, alhali na kekuna da yawa 22.2 ne, sandar tsakiyar ƙafa kuma kashi uku cikin takwas na inci ce, wadda ta kusa milimita 10 amma ba ta kai ba. Duk notin da bai shiga da yatsa ba a zagayen farko, to ba nasa ba ne, kada a tilasta shi da sifana. Ƙwallayen boris na wuya da na ƙafafu ka kwance su a kan farin tsumma, ka ƙirga na kowane gefe, ka wanke da kananzir, waɗanda suka yi rami ka tafi da ɗaya kasuwa a matsayin samfur, sannan ka mayar da su cikin sabon giris.

Ƙafafun roba su ma na zamanin ne, kuma an yi su da nailan mai tauri domin su jure tsalle ba tare da sun karkace ba. Rana ce ta mayar da su ruwan ɗorawa. Sabulu da tsohon buroshin haƙori za su cire rabin abin, sauran kuma ni a ganina a bar shi, domin ko da an fara su da sinadari launin yakan dawo bayan wani lokaci. Abin da ya fi launi muhimmanci shi ne ka duba ko akwai tsaga a kewayen cibiya da gindin kowane reshe da bakin da taya take kamawa, saboda tsohuwar roba ba ta lanƙwasa, karyewa take yi. Tayoyi da tub kuwa dole a canza su. Kada ka dogara da ido, ka karanta lambar da ke gefen tsohuwar tayar. Idan ka ga 12 1/2 x 2 1/4 ko lamba 203, ka yi sa'a, domin ita ce tayar ƙananan kekunan yara kuma tana ko'ina. Idan inci 14 ce, ka nemi lambar milimita da ke kusa, kamar 254, domin akwai tayoyi masu suna inci 14 da ba sa hawa gare ɗaya. Sannan ina roƙonka kada ka kai ta wajen mai faci ya ɗora mata injin iskar mota. 'Yar taya irin wannan tana cika cikin daƙiƙa biyu, kafin ya janye hannu bakin robar ya riga ya fashe, garin neman gira a rasa ido. Famfon hannu ya isa, kuma ka tsaya ƙasa da adadin da aka rubuta a jikin tayar. Robar birki ma ka sa sabuwa mai laushi, fara idan ka samu, domin baƙa tana barin zane a kan farar ƙafa.

Game da ko yaron zai hau, amsar tana ƙasan sikutar. Ka kifa ta bayan wanki, ka bi duk wurin walda da tocila, musamman inda bututun gaba ya sauko ya haɗu da farantin tsayawa, domin nan ne nauyin kowane tsalle yake sauka, kuma nan ne ƙasa take gogewa idan an hau dakali. Siririn layi baƙi a gefen walda, ko fentin da ya tattare a wuri ɗaya, ko ƙarfen da ya yi laushi idan ka danna shi da bakin sukundireba, duk alamu ne na a dakata. Idan akwai tsaga, kada a kai ta wajen mai waldar ƙofofi, saboda bututun siriri ne, wutar lantarkinsa za ta huda shi. Mai waldar gas da ya iya aikin tagulla shi ne ya dace, kuma a lulluɓe sitikar da jiƙaƙƙen tsumma. Idan babu tsaga, birki yana kamawa, ƙafafun kuma lafiya suke, yaron zai iya hawa a tsakar gida ko a layi mai santsi, da hular kwano, ban da tsalle daga dakali. Idan ka lura shi mai ƙiriniya ne, to a nan shawarar mai gyaranka tana da amfani ta wata fuska: a sa ƙafafun keken yara masu girma ɗaya domin hawan yau da kullum, na asalin kuma a naɗe su a ajiye a ɗaki, tare da duk wani noti da waya da aka cire, har da tsofaffin tayoyin. Ita kanta sikutar kada ta kwana a rana ko a inda ruwan damina yake feshi. Batun kuɗi kuma, kada ƙanenka ya sa ka fara lissafin fili. Masu sayenta suna Amurka da Turai da Ostareliya, kuɗin aikawa yana cin kaso mai yawa, kuma suna tambayar hoton kowane lungu kafin su yi tayi.

TAMBAYA: Ina da wata sikuta ta aluminiyam mai naɗewa, mai ƙananan ƙafafu kamar na takalmin gudu, an rubuta Razor a jikinta. Tun muna yara yayanmu ya kawo mana ita tsaraba. Yanzu tana ƙara kuma tana girgiza. Ita ma tana cikin masu daraja? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Malama, taki ta wani zamani ce daban. Razor ta fito a Amurka a shekarar 2000, an kuma sayar da miliyoyinta cikin watanni kaɗan, don haka ba ta da wuyar samu, ko da yake a kanta ne wasan gwanintar sikuta na yau ya samo asali, har masu wasan farko suka riƙa ɗaure mahaɗin naɗewar da kusoshi domin ya daina motsi. Girgizar da kike ji daga wannan mahaɗi take, ko daga maɗaurin sandar kai, kuma ɗaure kusoshinsu yakan rage ta. Ƙarar kuwa ta boris ce. Kowace ƙafa tana da guda biyu masu lamba 608, faɗinsu milimita 22, raminsu milimita 8, kuma masu sayar da kayan injuna da na fanka suna da su. Ki sa a fitar da tsofaffin, a kula kada ɗan bututun da ke tsakaninsu ya ɓata, domin idan babu shi ƙafar za ta cije da zarar an ɗaure kusa. Jikinta aluminiyam ne, saboda haka babu ruwanta da jiƙon tsami ko kanwa da na ambata a sama, sabulu da tsumma da ɗan man goge ƙarfe sun wadatar. Idan ƙafafun sun cinye ta gefe ɗaya ko sun yi fili a inda birki yake danna su, ki nemi masu milimita 98 ko 100 a sa mata, a kuma juya su da hannu a tabbatar ta baya ba ta gogar birki kafin a ba yaro.